Fim Marar Murya a Bagdadiyya

Abin da na zuba a wannan sana'a ba ɓoyayye ba ne: motata ta ɗaukar kaya, wadda na tara kuɗinta tun ina dako a bakin teku, da awarwaron zinariya na matata. Motar na sayar, awarwaron na jinginar. Na sayi injin majigi da tsohon janareta, na kama hayar hoshi, wato fili mai katanga babu rufi, a unguwar Bagdadiyya. A Jidda ta wancan zamani haka ake kallon silima: a shafe bango da farar ƙasa, a jera benci, a tura ƙofa. Kuɗin da ya rage na sayen fim ne, kuma sau ɗaya zai isa. In na zaɓi abin da ba a so, ba mota, ba awarwaro, kuma mutanen unguwarmu ta Waziriyya sun riga sun ce na zautu.

Sai na ji wani kamfanin Amurkawa zai tashi, yana sayar da tarkacen sitonsa can wajen Khumra, har da fina-finan da ake nuna wa ma'aikatansa. Na yi sammako. Na tarar da gwangwanayen fim tsibi guda. Ni kuwa yadda na iya saye ke nan: in ɗaga in ji nauyi. Mai nauyi ya fi tsawo, mai tsawo ya fi cancantar kuɗin ƙofa. Ina ta ɗagawa ina warewa, sai na ji dariya a bayana.

Wani dattijon Ba'amurke ne, dogo, gumi ya jiƙa masa riga. Ziyarar ɗansa ya zo, ɗan yana aiki a kamfanin. Ina da ɗan Turancin bakin teku, mai sito kuma, wani Basudane, yana cike mana inda ya gagara.

"Albasa kake saye?" in ji dattijon.

Na ce, "Kaya nake saye. Kai me ka sani a ciki?"

Mai sito ya ce ai aikinsa ke nan a ƙasarsu. Tun yana saurayi jarida ke biyansa ya shiga silima ya yi kallo, ya fito ya rubuta ko fim ya yi kyau ko bai yi ba. Na ce a maimaita mini. Ba ya yin fim, ba ya sayarwa, ba ya haya. Kallo kawai da kushe, kuma a biya shi! Shi da bakinsa ya ƙara da cewa jaridarsa ta farko korarsa ta yi, don ya rubuta cewa wani fim shara ne alhali masu fim ɗin ke ba jaridar talla. Wata jaridar ta ɗauke shi saboda korar, ya tsufa a can. Nan na fara ganin girmansa. Na zauna da dillalai, na san wanda ya taɓa rasa abinci don ya ƙi yabon mugun kaya ana sauraronsa.

Ya tambaye ni su wa za su yi kallon. Na ce mu Hausawa, da 'yan Yaman, da mutanen Jawa, da Somaliyawa, da 'yan gari. Wa ke jin Turanci? Babu. Lasifika fa? Na ce dole a rage ta saboda maƙwabta, ga janareta yana ruri. Sai ya tsuguna ya shiga tonon ƙasan tsibin, ya fito da wasu ƙananan gwangwanaye masu tsatsa, yana ta murna. Ya ce tsofaffin fina-finan ban dariya ne, tun kafin a sa wa fim murya.

Na ce, "Malam, mutum zai biya kuɗinsa ya kalli bebaye?"

"Ɗauki waɗannan. In ba su yi dariya ba, ban san aikina ba."

"In ba su yi ba, kai jirgi za ka hau. Ni Waziriyya zan koma."

Ban bi shi duka ba. Na raba kuɗin biyu, rabi masu nauyina, rabi nasa.

Ranar buɗewa na sa mai nauyi. Turawa a ɗaki, wannan ya yi magana, wancan ya yi magana, mace ta yi kuka, a sake zama. Kafin a kai rabi benci ya zama wayam. Washegari na sa na dattijon, na aika ya zo ya gani da idonsa.

Haske ya faɗa bango. Wani siririn mutum ya fito ɗauke da dogon tsani a kasuwa, bakinsa yana motsi, ba a jin komai. Hoshi ya yi tsit, sai guna-guni. Shugaban 'yan dako, wani tsoho ɗan garinmu da nake kira Baffa, ya miƙe.

"Kai ɗan nan, injinka ya shaƙe! Halas, ya isa, maido mana da kuɗinmu!"

"Baffa, haka aka yi shi."

"Haka aka yi shi? Jiya surutu ba aiki, yau aiki ba baki?"

Mutane suka fara tashi. Ni dai motata nake gani tana tafiya. Baffa ya juya zai fita, sai idonsa ya faɗa kan mai tsani, ya tsaya cik.

"Kai! Ba haka ake riƙe tsani ba! Kama tsakiya, wawa! Kada ka juya, akwai mutum a bayanka!"

Mai tsani ya juya, ya kwaɗe wani ƙaton mai tumbi, ƙaton ya faɗa cikin kwandon ƙwai. Hoshi ya fashe da dariya. Wani ɗan Yaman ya yi ihu da Larabci cewa ƙaton nan kafilinsa ne, wato ubangidan da ke riƙe da takardun zamansa. Shi ke nan, kowa ya sa wa mutanen bango magana da harshensa. Sai ihu ya tashi: "A mayar! A mayar!" Na tsayar da inji, na mayar da faifai, ƙaton ya sake faɗawa cikin ƙwai.

Dattijon ya jawo rigata yana tambayar me suke cewa. Na gaya masa. Ya ce a ƙasarsu ba mai tsayar da fim, duk daɗinsa. Sai ga shi ya haye benci yana kaɗa hula, yana ihu da su, "A maya! A maya!" Da aka tashi ya kama hannun Baffa, ya sa na fassara masa cewa wannan juyi da tsani sai da ɗan wasan ya daɗe yana koyonsa. Baffa ya ce, "To ya iya juyi. Amma kada ya zo bakin teku neman aiki."

Ban sake ganin dattijon ba, ya koma ƙasarsu a makon. Ƙananan gwangwanayen nan na nuna su har faifan ya riƙa tsinkewa ina liƙewa. Gidajen biki suka riƙa haya, musamman ɓangaren mata, tunda babu ƙarar da za ta fita waje. Awarwaro ya koma hannun mai shi kafin aikin Hajji. Mota ta ɗauki lokaci, amma na saya, wadda ta fi ta da. Masu nauyin kuwa ba wanda ya taɓa neman su, a ƙarshe gwangwanayen na sayar wa mai dabino. Wannan rabin kuɗin ya tafi. Asarar da ta fi ci mini rai ita ce da na koma Khumra neman sauran ƙananan, mai sito ya ce ba wanda ya taya su, an kwashe an zubar.