Baba Ya Sa Albarka

Shekarar da aka ba ƙasar nan mulkin kai, yayana na biyu yana koyarwa a firamare a Kazaure. Malam muke ce masa, har Inna da ta haife shi. Da hutu ya zo ƙauyenmu, nan bayan Roni, a kan sabon keke, da hoton Sarauniyar Ingila ɗaure a baya. Ya kafa ƙusa a zaure ya rataye shi.

Nan fa maza suka taru. Ba an ce Bature ya tafi ba? To wannan matar me take yi a zaurenmu? Malam ya gyara tsayuwa kamar yana gaban allo, ya ce Bature ya tafi, amma har yanzu ita ce shugabar ƙasa. Wani ya ce ita ke yanka haraji? A'a. Ita ke ɗaure ɓarawo? A'a. To ita ke naɗa hakimi? Ko kusa. 'Yan majalisa ke yanke komai, sai a kai wa wakilinta a Ikko ya sa hannu da sunanta.

"In ba ta so fa?" in ji Baba.

"Ai ba ta ƙi, Baba."

"To me take ci?"

"Komai. Tana zaune ake kawo mata. Ba ta shiga rana, ba ta gardama da kowa, wanda duk ya gan ta sai ya rusuna."

Baba ya ƙare wa hoton kallo ya ce, "Matar nan ta iya zama da duniya."

Lokacin ban daɗe da aure a Babura ba, na zo ganin gida, ina leƙe ta ƙofar ciki. Na ga Malam ya kalli babban yayanmu, Yaya ya kalli Malam. Wallahi daga wannan kallon na san ba hoto kaɗai aka zo ratayewa ba.

Shi Babanmu, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai murya. In ya daka tsawa a gandu sai tsuntsaye su tashi daga gonar maƙwabci. Shi ke faɗin abin da za a shuka, shi ke faɗin ranar da za a buɗe rumbu, kuma duk damina sai an kai ruwa rana da 'ya'yansa maza. Su gyaɗa suke so saboda tana kawo kuɗi, shi kuwa ya ce sai rumbu ya cika da gero tukuna, don ba a tuƙa tuwo da sule. Ba su taɓa kada shi ba. Da suka ga ƙarfi bai yi ba, sai suka ɓullo masa ta girma.

Kafin hutun ya ƙare suka sayo masa babbar riga mai aska, da rawani, da kujerar kishingiɗa. Suka durƙusa suka ce, "Baba, girmanka ya wuce a gan ka da fartanya. Ka zauna a zaure. Mu mu yi wahalar shawara, mu kawo maka ka sa albarka, yadda ake yi wa Sarauniya." Majalisar gidanmu ke nan, mutum biyu, Yaya da Malam. Mu mata a zamanin ko ƙasa ba ta tambayarmu ƙuri'a, balle gida.

Sai Malam ya ƙara da abin da ya fi kowane rawani ɗaure Baba. Ya ce babban mutum ba ya ɗaga murya. Ka dubi hakimi in ya zo rangadi, wa ya taɓa jin muryarsa? Yakan yi magana ƙasa-ƙasa, wani ya faɗa wa jama'a. Wayyo, wannan magana ta shiga Baba! Mutumin da ake jin tarinsa daga bakin rijiya ya koma raɗa. In baƙo ya gaishe shi, sai ya karkata ga kunnen Yaya, Yaya ya ɗago ya ce, "Baba yana gaishe ka." Inna ta ce ita dai ta gode Allah, kunnenta ya huta.

Aiki kuwa bai rasa ba. Ran shuka a kai shi bakin gona cikin riga, ya jefa irin farko a rami, a ce masa sannu da aiki, a maido shi inuwa. Ran suna a gaya masa sunan da aka zaɓa, ya raɗa wa liman kamar shi ya ƙirƙiro. Aka cika gandu da gyaɗa, Baba ya sa albarka. Aka sayar da jakinsa, wanda yake ji da shi kamar ɗa, Baba ya sa albarka. Ya yi ƙiba, cikinsa ya yi taiɓa, mutane suna cewa tsohon nan ya ji daɗin 'ya'ya.

Ba a daɗe ba aka sallami ita Sarauniyar ma daga shugabancin, ko zuwa ban kwana ba ta yi ba. Wannan labarin Malam bai ɗauko shi a keke ba, a rediyo na ji. Da na zo gida na gaya wa Baba, na ce ka ga fa yadda ake yi da mai irin kujerarka. Ya yafito ni, na kai kunne, ya ce, "Ai mace ce."

Shekaru suka tafi, Inna ta rasu, kuɗin man fetur ya shigo ƙasa. Malam ya bar alli ya koma ofis, ya sayi mota. Yaya ya sayi babur yana bin 'yan kwangila. Gandu ya koma hannun 'yan ƙodago. Ni kuwa bayan farin nan da ya kashe dabbobi, mijina ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Na dawo gida da yara uku da tukwanena. Ba ni da albashi, ba ni da babur. Rumbun gandu shi ne uwarmu shi ne ubanmu, in aka buɗe a auna mini mu ci.

Ana nan wani ɗan kwangila da ke yin hanya ya gano akwai jar tsakuwa a ƙarƙashin gonarmu ta tudu. Ba noma zai yi ba, haƙe ta zai yi ya kwashe a tifa. Majalisa ta zauna a cikin motar Malam ta gama magana. Abu ɗaya ya rage: gonar ta Baba ce, kuma a garinmu ba a cinikin gona sai mai ita ya yarda da bakinsa a gaban dagaci da shaidu.

Da safe na kai masa koko, na zauna a gabansa ban tashi ba. Na ce, "Baba, in aka haƙe gonar nan me jikokinka za su ci? Tsakuwa? Su Yaya a kasuwa suke awo. Ni ina zan auna?" Na yi kuka, ban ɓoye ba, don tsoro nake ji na gaske. Na ce, "Tun da aka ɗora ka a kujerar nan ba ka taɓa cewa a'a ba. Ka ce sau ɗaya, don Allah don Annabi."

Idonsa ya kawo ruwa. Ya kama hannuna ya ce, "Gonar ubana ce. Ina raye ba mai haƙa ta. Je ki kwantar da hankalinki."

Na yarda da shi. Har waƙa na yi a bakin turmi ran nan.

Ran ciniki zaure ya cika. Dagaci ya zo, liman ya zo, ɗan kwangila ya zo da ƙwaryar goro da wata sabuwar alkyabba da ya yafa wa Baba da hannunsa, yana ta "ranka ya daɗe". Ni ina bayan ƙyauren ciki, daidai ƙeyar kujerar Baba. Dagaci ya ce, "Maigida, ka yarda a sayar?"

Baba ya karkata ga kunnen Yaya. Da kunnena na ji shi: "Ban yarda ba."

Yaya ya ɗago, ko ƙifta ido bai yi ba, ya ce, "Baba ya ce Allah ya sa albarka."

Zaure ya ɗauka, "Amin!" Liman har ya ɗaga hannu.

Ban san lokacin da na banko ƙyauren ba, ko mayafi babu. Na ce, "Ƙarya ne! Wallahi ƙarya ne! Cewa ya yi bai yarda ba!" Malam ya taso yana "ke, ba ki da hankali?" Na ce ya matsa ko in tara masa jama'ar da ta fi wannan.

Dagacin nan, in faɗi gaskiya, bai so a yi rufa-rufa a gabansa ba. Ya tsai da liman, ya juya ya ce, "Maigida, 'yarka ta ce ba ka yarda ba. Gaya mana da bakinka, kowa ya ji."

Shi ke nan abin da ake nema. Kalma uku, da muryar da Allah ya ba shi kyauta. Na ga ƙirjinsa ya cika, na ga jijiyar wuyansa ta tashi yadda take yi a da in zai yi tsawa. Ya dubi dagaci, ya dubi baƙin da suka zuba masa ido, ya shafa bakin alkyabbar. Sannan ya karkata ga kunnen Yaya.

Yaya ya saurara har da gyaɗa kai, ya ɗago ya ce, "Baba ya ce a yi haƙuri, sha'anin mata ne."

Aka shafa fatiha, aka raba goro.

Da la'asar, bayan kowa ya watse, na fito zan ɗebo ruwa na same shi shi kaɗai, bai ko cire alkyabbar ba. Na so in wuce ban kalle shi ba. Ya yafito ni. Ba kowa a zauren sai ni da shi, amma sai da na sunkuya na kai kunne.

"Ai na faɗa wa yayanki," ya ce. "Kin dai ji. Har sau biyu na faɗa."