Yatsun Da Suka Daina Jin Zafin Ruwa

Lokacin da abin nan ya faro shekarata ashirin da ɗaya, an kawo ni aure Kazaure daga Roni ko shekara ban rufa ba. Na gama sakandare ban ci gaba ba, amma ina da sana'ar da nake taƙama da ita, wato kitso. Tun ina aji uku nake yi wa 'yan ajinmu, kuma ba yabon kai ba, a layinmu babu mai saurina. Kan da wata za ta wuni a kai, ni kafin a kira azahar na tashi mai shi na ɗora wata. Halina kuwa kowa ya san shi: ba na son nawa, ba na son dogon bayani, abin da ke bakina shi nake faɗa. Idan mace ta cika motsi a gabana sai in ce mata ko ta tsaya ko ta tashi, kawuna na jira. Suna zagina a bayan ido, amma suna dawowa.

Ina da cikin fari wata biyar na fara farkawa da asuba hannuna na dama ya sage, kamar ba nawa ba. Babban yatsa da manuni da na tsakiya su ne ke yi, sai ka ce ana tsira mini allurai, ƙaramin yatsa kuwa lafiyarsa ƙalau. In na yarfa hannun sau uku sau huɗu sai ya saki, in yi alwala in shiga harkata. Ranar awo na faɗa wa malamar asibiti, ba don na damu ba, don ta tambaya ne ko akwai abin da ke damuna. Ta kama wuyan hannuna ta lanƙwasa, ta riƙe, kafin minti ɗaya yatsun suka ɗauka. Ta ce jijiya ce ke matsuwa a wurin, ciki yakan kawo haka, aikin hannu kuma yana ƙara shi. Ta ce in rage kitso, in samu abin ɗaure wuyan hannu in riƙa kwana da shi, idan na haihu bai tafi ba lallai in dawo a duba. Na ce mata to ita in aka ce ta rage allura me za ta ci? Ta yi dariya ta ce bakina ya fi hannuna lafiya. Na fito ina jin na yi nasara.

Haihuwa ta zo lafiya, na samu 'ya mace, aka mayar da ni Roni wanka. Goggona, yayar babanmu, ita ta kula da ni kwana arba'in ɗin nan. Tsohuwa ce mai sanyin jiki, komai nata a hankali, ni kuwa ganin yadda take abu kawai yana sa ni ƙaiƙayi. Idan za ta yi wa jaririya wanka sai ta surka ruwa, ta naɗe hannun riga, ta tsoma gwiwar hannunta a baho, ta ƙara na sanyi, ta sake tsomawa, yarinya na ta tsala kuka tsirara a cinyata. Wata rana na ce mata Goggo wai ruwan nan miya ce da sai an ɗanɗana sau uku? Ga yatsu Allah ya ba mutum. Ta ce yatsun mace sun saba da wuta, sun sha tukunya sun sha murhu, ba a ba su amanar fatar jariri. Na ce wannan zancen mutanen da ne. Ta ci gaba da surka ruwanta.

Ita ce kuma ta fara lura. Sau biyu kofin kunun kanwa yana suɓuce mini, na ce santsi ne. Ta ga ina kokawa da maɓallin rigar yarinya, ta ce 'yar nan miƙo hannunki in gani. Na ɓoye shi a zani na ce sanyin jego ne, kowa na yi. Ta ce ta yi jego tara ba ta taɓa yar da kofi ba. Na ce to ni ba ita ba ce. Maganar da na faɗa wa matar da ta bar ɗakinta ta zo tana tashi da duku-duku tana dafa mini ruwa ke nan.

Da na koma Kazaure abin bai tafi ba, gaba ya yi. Da can sai da asuba, yanzu har da rana. Ciwon yana hawa har gwiwar hannu, na hagu ma ya fara. Kibiyar da nake tsaga gashi da ita sai ta faɗi ban ji fitarta ba, sai na gan ta a ƙasa. Na sayi man zafi ina mulkawa, na sha maganin sanyi kala-kala na masu talla. Asibiti kuwa in na tuna layin karɓar kati sai in ce wuni guda zan kashe don a ce mini in huta, alhali na riga na ji wannan. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce tsoro nake ji. Idan aka ji a unguwa hannun mai kitso ya mutu, shi ke nan, an gama da ni. Ko maigidana ban gaya wa ba. Hatsi yake saya a kasuwar Babura yana kawowa, ba ya wuni a gida, ɓoye masa bai yi mini wuya ba.

Sai masu kitso suka fara ƙorafi. Wata maƙwabciyarmu da ta girme ni, muna ce mata Yaya, ta ce kwana uku ba ta iya ɗora goshi a ƙasa da daɗi ba saboda yadda na ja mata gashi. Na ce ai kitso mai kyau sai da zafi, in tana son na lallashi ta je gidan wance. Ban gane ba a lokacin, ko in ce na ƙi ganewa: ba na jin ƙarfin da nake ja, sai na matse sosai nake sanin gashi na hannuna.

Ranar da ba zan manta ba saura kwana biyu ƙaramar sallah, yarinyata na da wata bakwai. Tun da hantsi mata biyar na zaune a tsakar gida, kowacce da tsefaffen kai, kowacce na cewa ita ta riga zuwa. Yarinya ta ɓata jikinta. Na ajiye kan da nake yi rabi, na sauke ruwa daga wuta na juye a baho, na zuba na sanyi kofi biyu ko uku, na tsoma yatsuna. Na ji ɗumi-ɗumi, kamar ruwan da ya kwana a filas. Na ɗauko ta na saka ƙafafunta. Kukan da ta yi ban taɓa jin irinsa ba, kuma Allah ya sani abin da ya fara zuwa raina shi ne rigima ce irin tata, har na buɗe baki zan yi mata tsawa. Yaya, da ke cikin masu jiran kitso, ita ce ta fizge ta daga hannuna. Ta taɓa ruwan ta janye hannu da sauri, ta dube ni ta ce wane irin ruwa ne wannan, kaza zan fige? Nan tsakar gida ya rikice, wannan na cewa a sa gishiri, waccan na cewa a fasa ƙwai. Yaya ta ƙi, ta kai ta bakin randa tana ta kwarara mata ruwa, ta aika a tsayar da mai babur. Ni ina tsaye ina kallon yatsuna. Sun yi jawur, na tsakiya har ya tashi, ban ji komai ba.

A asibiti na yi ƙarya. Na ce filas ne ya kife mata. Likitan bai musa mini ba, ya gama da yarinya, aka naɗe ƙafafun, aka ce za a kwantar da mu. Da aka miƙo mini takarda in sa hannu, biro ya faɗi sau biyu. Ya ce in buɗe tafina. Ya nuna mini tudun naman nan na gindin babban yatsa, ya ce in gwada da na hagu. Na dama ya lotsa, ya zube kamar an kwashe. Kullum ina wanke hannun nan, ban taɓa tsayawa na duba ba. Ya ce in rufe ido, ya taɓa yatsun da wani abu mai sanyi, ya tambaya me na ji, na ce har yanzu bai taɓa ba. Ya ce jijiyar tana bi ta wata ƙunƙuntar hanya ce a wuyan hannu, ta daɗe a matse har ta fara mutuwa. Sannan ya sake tambayata, a hankali, yadda yarinya ta ƙone. Na faɗa masa gaskiya.

Maigidana ya iso da la'asar. Na shirya wa faɗa, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Tambaya ɗaya ya yi, tun yaushe. Na ce tun ina da ciki. Ya ƙirga da yatsunsa, ya ce wato kusan shekara muna ci a kwano ɗaya bai san da hannu ɗaya matarsa ke goyon 'yarsa ba. Ya fita ya zauna a baranda. Washegari Goggo ta zo daga Roni. Na sunkuyar da kai ina jiran ta tuna mini maganar miya. Sai kawai ta karɓi yarinya, ta ce in je in ci abinci. A gadon asibiti muka yi sallar nan.

Bayan wata biyu aka tura ni Kano aka yi mini aiki a hannun dama. Ciwon ya tafi, jin taɓawa ya dawo kaɗan-kaɗan, amma naman da ya zube bai cika ba, babban yatsan ba shi da ƙarfin kama siririn gashi. Na hagu da aka tara da wuri, ɗauri da hutu da allura ɗaya suka ishe shi. Likitan ya ce da na zo tun bayan arba'in, wataƙila na dama ma da haka zai ƙare. Sana'ar da na ɓoye ciwon don kada in rasa ta, yau kai ɗaya nake iya yi a wuni, manyan kitso, shi ma da hutawa.

Wannan duk da sauƙi. Yarinyata yanzu shekararta huɗu, tana gudu tana tsalle, alhamdu lillahi, amma ƙafarta ta hagu daga idon sawu zuwa yatsu fatar daban ce. Kwanan baya ta dawo daga islamiyya ta ce yara sun ce ƙafarta kala biyu, wa ya yi mata haka. Na so in ce ruwan zafi. Na ce ni ce. Ta ce da gangan? Na ce a'a, da taurin kai. Ba ta gane ba, ta tafi wasanta, amma wata rana za ta gane, kuma ina nan ina jiran ranar.

'Yan'uwana mata, masu kitso, masu ɗinkin hula, masu murza taliya, masu tatsar nono, idan yatsunku suna sagewa kuna yarfawa, kada ku ce sanyi ne ku wuce. Ku je a duba tun hannun na jin ciwo, domin ranar da ya yi shiru ba warkewa ya yi ba. Ku faɗa wa na kusa da ku, ɓoyewar ba ta tsare mini komai ba. Bara na sake haihuwa, na samu namiji, Goggo ba ta raye. Da na surka ruwan wankansa na farko da hannuna, na naɗe hannun riga na tsoma gwiwar hannu, na ƙara na sanyi, na sake tsomawa, yaro na ta kuka. Na bar shi ya yi.