Kura, Akuya da Damin Dawa a Shagon Yaya

Shekarar da soja suka miƙa mulki na gama difloma, na zauna jiran aiki. Yayana yana da ɗan shagon buga takardu a Gwammaja, kwamfuta ɗaya da firinta, sai nake zuwa taya shi. Da safe ba ma samun sararin zama, sabbin kansiloli da masu neman kwangila kowa da takardarsa. Bayan azahar kuwa shago ya yi tsit, sai ƙarar fanka idan akwai wuta.

A irin wannan lokacin ne Yaya ya tuno wasan ƙwaƙwalwar da kakarmu take yi mana muna yara: mutum zai haye kogi da kura da akuya da damin dawa, kwalekwalensa ba ya ɗaukar kaya biyu, kuma da ya ba da baya kura ta cinye akuya, ko akuya ta afka wa dawa.

Na ce, "Ai na san amsar."

Ya ce, "Ba ke za ki amsa ba. Kwamfuta za ki sa ta gano da kanta."

Da yaren kwamfuta na BASIC na fara, shi aka koya mana a makaranta. Abin ya yi tsawo ya cukurkuɗe, akuyar ta sha mutuwa kafin su haye. Sai Yaya ya samo wani yaren, Pascal, a faifai, na sake daga farko. Shi wannan ba ya barin ki taɓa komai sai kin faɗi sunansa da irinsa, ya koya mini nutsuwa. Yaren C kuwa bai hana ni komai ba, har na sandarar da kwamfutar ana tsakiyar jiran takardar wani Alhaji. Ranar na sha faɗa.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne Prolog, da wata tsohuwar malamarmu ta ba ni. Ba a gaya masa yadda zai yi. Dokokin kawai na rubuta, wa ke cin wa, me kwalekwale ke ɗauka, sai ga amsa har iri biyu. Tun ina yarinya hanya ɗaya na sani. Na daɗe ina kallon allon.

Yaya bai ga abin mamaki ba. "Ki riƙe guda ki ƙware," in ji shi, "ba mai ɗaukar ki aiki don kin ɗanɗana yare huɗu."

Yana da gaskiyarsa. Shi guda ya riƙe, kuma da shi ya samu aiki a Legas, aka rufe shagon. Ni ban ƙware a ko ɗaya ba. Koyarwa na samu a wata sakandaren 'yan mata kusa da Dala, inda kwamfutocin suka fi yawan zama a lulluɓe saboda rashin wuta. A allon aji nake ba ɗalibai matsala, in wata ta warware in ce ta zauna, wata ta taso ta nemo mana wata hanyar. Sukan yi gunaguni. Wasu kuma sukan biyo ni har bakin titi, ina jiran mota suna nuna mini tasu hanyar.