Kayen Majo Lawali

Shekara shida ke nan da rasuwar Lawali a Tanout, amma duk ranar da na liƙa jerin likitoci, wato ƙananan asibitoci, a allo, ƙasan takardar idona yake fara zuwa.

Ni da shi majo ne, wato shugabannin ƙananan likitocin karkara. Tawa tana wajen Belbeji, tasa can gefen Tenhya. Ƙarshen kowace shekara akan jera mu bisa yawan yaran da suka samu rigakafi. Tawa takan zo sama. Tasa kuwa ta yi kaka-gida a ƙasa, har muna kiransa sarkin ƙarshe. Dariya kawai yake yi.

Ga abin da takardar ba ta faɗa. Da damina makiyaya suna haurawa arewa da yaransu. Lawali yakan ɗaure akwatin sanyi a bayan moto, wato babur, ya bi su tafki-tafki. Kafin ya yi allura sai ya tambayi uwar yaro inda suke cin rani. In ta ce rijiyoyin wajena ne, sai ya rubuta yaron a wani kaye, wato littafin rubutu, dabam, ya aiko mini ta motar kasuwa, don in sun dawo in san wanda ya rage wa allura ta biyu. Ni kuma in zuba sunayen duka cikin rahotona. Shi ke shan rana, ni ke hawa sama.

Da wannan jeri aka ɗauko ni zuwa Damagaram, nake horar da sababbin shugabanni. Da shi kuma aka hana Lawali dawowa gari lokacin da hawan jini ya sa shi gaba. An ce ya fara gyara aikinsa tukuna. Ina zaune a taron da aka yanke hakan, ban buɗe baki ba. Har gobe abin yana cina.

Yau jerin har a waya yake fitowa, da launi kore da ja. Na san da Lawali ya gani, zai yaba, don bai taɓa raina ƙidaya ba. Sai dai zai tambaya: yaran da aka ƙidaya, ina suke cin rani?

A horon bana, Hadiza, wadda aka tura likitarsa, ta ɗaga hannu. "Malam, ni ta ƙarshe aka ba ni, kunya nake ji. Ku da kuka riƙa zuwa na ɗaya, mene ne sirrin?"

Na juya ga dukan masu karɓar horon. Sannan na faɗa musu komai, washegari na kawo kayen, na ɗora a gabanta. Ta yi ta buɗe shafuka, sunaye ne reras da rubutunsa mai karkata.

"Malam, ya san a rahotonku kuke zubawa?"

"Ya sani," na ce. "Kuma bai taɓa fasa aikowa ba."

Kayen yana Tenhya yanzu, Hadiza ta ci gaba daga inda ya tsaya. Allah ya jiƙanka, Lawali. Na yi magana, amma na makara.