Akuyar Cima

A bakin faɗa na fara jin sunan Cima. Ina ƙarama, muna zaune a Madawa, Mama da Baba suka yi 'yar rigima a kan abin da su kansu sun manta da shi yanzu. Da tuwo ya nuna, Mama ta ƙi kiran sa. Sai ta dubi magenmu da ke kwance bakin murhu ta ce, "Ke mage, je ki gaya ma mai gidan ga tuwo na hucewa." Baba kuwa ga shi nan zaune kusa da ita. Shi ma ya dubi magen ya ce, "Ki ce mata na ji. Ashe akuyar Cima ta dawo duniya." Suka tuntsire da dariya su biyu, faɗa ya ƙare.

Na tambaya wace ce Cima. Baba ya ce, "Wa kike zuwa gaisarwa ƙauye duk Sallah?" Ashe Iya Tsohuwa ce, kakar Babana, wadda ban taɓa tunanin tana da wani suna ba ban da Iya. Labarin akuyar kuwa sai da na shiga kwaleji na samu cikakkensa, a wani hutu da na yi wajenta. Na kuma bi sauran tsofaffi na tambaya, don Iya in ta fara labari ba ta rowar gishiri.

A Urno aka haife ta. Aka kawo ta amarya wani ƙauye kusa da Azarori, 'yan shekaru bayan yunwar da fara ta jawo da ta cinye gonaki, kafin yaƙin Turawa na biyu. Mijinta Iliyasu, mutum mai haƙuri. Uban mijin, Illa, shi ne sai a hankali. Ya ci ganye ya ci dusa a shekarar fara, tun daga nan bai ƙara yarda da kowa a kan hatsi ba. Yana da ruhewa, wato rumbun lakan nan namu na Adar mai ciki kamar tulu, ta fi ɗaki tsayi, ba ta da ƙofa sai baki ɗaya a sama da ake kifa wa hular ciyawa. Ba mai hawanta sai shi. A inuwarta yake ƙailula, wai ko barci yake yi kunnensa na jin motsin ɓera.

Tsakanin Cima da Illa kuwa akwai kunyar surukuta, irin ta da. Ba ta taɓa ce masa uffan ba, shi ma haka. In sun yi kiciɓis a hanya, ta ratse ta durƙusa ta ba shi baya, shi kuma ya dubi sama kamar mai duban hadari. Sunansa ko da wasa bai taɓa fita bakinta ba. Har ranar da take ba ni labarin, mutum ya daɗe da zama ƙasa, "mai ruhewa" take ce masa. Da wannan take alfahari fiye da komai. Wasu matan da yawan 'ya'ya suke taƙama, wasu da iya fura. Ita da kunya.

Kunyar ce ma ta jawo komai. Cima ta sami ciki, cikin fari ne, a al'ada sai a mai da ita Urno ta haihu gaban uwarta. To amma duk wadda ta tambaye ta watanni nawa, sai ta rufe fuska da zane ta ce, "Ni ban san komi ba." Ga ta siririya, cikin bai fito sosai ba. Tsofaffi suka auna da ido, suka ce da saura, sai bayan shuka. Iliyasu da zai iya faɗin gaskiya, an kwashe shi tare da mazan gari zuwa aikin dole na gina hanya, na kumandan, Baturen mulki.

Sai kwaɗayin kwaruru, wato gurjiya, ya kama ta. Bazara ce, ba kwaruru ko'ina a garin sai na iri da Illa ya zuba a tukunya ya ɓoye cikin ruhewa. Ta yi haƙuri, ta yi mafarkinsa, ta ƙara haƙuri.

"Ke 'yar lakwal, kar ki dube ni haka," in ji Iya, haka take kirana don ina makarantar boko. "Ba ni ka so ba, kakanki na, shi da ke ciki. Tun can makwaɗaici na."

Ran nan da rana tsaka gida ya zama wayam. Mata sun tafi rijiya can fadama, Illa ya tafi gaisuwar mutuwa wani ƙauye. Cima ta jingina tsani, ta hau, ta ture hular ciyawa gefe. Da ƙyar cikin ya wuce bakin, sai da ta riƙe numfashi. Ta dira kan dammunan gero, don ruhewar Illa ko a bazara rabinta cike take. Ta sami tukunya. Niyyarta ta ƙulle ɗan kaɗan a bakin zane ta fita ta dafa. Amma da ta ji shi a hannu, sai ta zauna ta hau tauna ɗanye, ƙaras ƙaras.

Tana cikin haka ta ji tari a waje. Illa ne. Ashe ya sami labari a hanya cewa mamacin bai mutu ba tukuna, suma ya yi, sai ya juyo. Ya ga tsani a jingine, ya zagi 'ya'yan maƙwabta da iyayensu, ya kwantar da tsanin ƙasa. Hular ciyawar ta wancan gefen ta karkata, bai lura ba. Ya shimfiɗa buzu a inuwa ya miƙe.

Cima ta yi tsit. Ta ce a ranta, in ya tashi sallar azahar ta san dabara. Nan ne bayanta ya amsa. Da fari ta ɗauka ɗanyen kwaruru ne ke rama abin da ta yi masa. Ciwon ya lafa, ya dawo da ƙarfi, ya sake dawowa tun bai gama tafiya ba. Sai ta ji ruwa ya sauko mata. Ko ba a taɓa gaya mata ba, ta gane.

Yanzu ga ta cikin ruhewa, ba tsani, ba kowa a gidan sai mutum ɗaya a duniya da ba ta iya yi wa magana. Ta cusa bakin zane a baki. Ta zaro zangarniyar gero ta wurga ta bakin ruhewa, ko wani mai wucewa zai gani. Ta ƙara wata, ta ƙara wata. Ba wanda ya gani sai jar akuyar gidan, wadda ta zo da gudu ta hau ci.

Taunar akuyar ce ta ta da Illa. Ya buɗe ido ya ga geronsa na faɗowa daga sama, akuya na kalaci. Ya yi salati, ya ja da baya, ya fara karanta duk abin da ya sani na korar aljanu. Da wata zangarniya ta faɗo masa a ka, rowa ta fi tsoro ƙarfi, ya daka wa akuyar tsawa: "Kay! Ɗiyar banza, geron ubanki na?"

Cima ta ji akwai akuya. Ta tattara ƙarfinta ta ce, "Ke akuya."

Illa ya daskare. Murya daga cikin ruhewa kamar daga cikin rijiya take fitowa.

"Ke jar akuyar gidan ga," in ji Cima. "Ki je ki nemo Goggo Takawa."

Goggo Takawa ita ce ungozomar garin. Illa ya gane muryar, ko da yake bai taɓa jin ta ba sai daga bayan darni. Ya gyara rigarsa, ya juya wa ruhewa baya kamar yadda ya dace, ya dubi akuyar ido cikin ido.

"Akuya," ya ce, "ki tambaya muna, mai maganar ga mutum na ko aljani?"

"Akuya, ki ce mutum na."

"Akuya, ki ce mi mutum ka yi cikin ruhewar mutane?"

"Akuya, ki ce ba lokacin wagga tambaya na ba!"

Ana haka akuyar ta cinye abin da ke ƙasa, ta kaɗa wutsiya ta kama hanyar waje. Magana ta tsaya cak. Ba akuya, ba wanda za a yi wa magana. Cima na nishi a ciki, Illa na tsaye a waje, ba mai iya cewa komai. Sai tsohon nan ya runtuma, ya cafko akuyar ta ƙafar baya, ya jawo ta tana ihu. Don ta tsaya, ya tsinci zangarniyar da ta faɗo masa a ka ya miƙa mata da hannunsa. Mutanen garin sun ce tun shekarar fara ba a taɓa ganin Illa ya ba wani mai rai gero don ransa ba sai ran nan.

"Akuya," ya ce yana haki, "ki ce a yi haƙuri. Ki ce za a tai a kira ta yanzu. Ki ce a jira."

"Akuya, ki ce abin ga ba ya jiran kowa!"

Ya ga bai kyautu ya tafi ya bar Cima ba abokin magana ba, sai ya warware rawaninsa zai ɗaure akuyar a gindin ruhewa. Bai gama ƙulli ba ya ji kuka. Ba na akuya ba. Kukan jariri ne, ruhewa ta amsa shi ta ƙara masa girma har tantabaru suka tashi daga kan zana.

Illa ya zauna daɓas a ƙasa. Can ya ce, da wata murya ƙarama, "Akuya, ki tambaya, lahiya?"

"Ki ce lahiya lau."

"Ki ce... mi anka samu?"

Nan Cima ta yi shiru, don ko ta bakin akuya wannan ya fi ƙarfinta.

Ba takalmi, ba rawani, Illa ya ratsa gari a guje yana kiran Goggo Takawa. Suka dawo tare da matan da ke dawowa daga rijiya da duk wanda ƙafarsa ke aiki. Aka ta da tsani. Goggo Takawa mace ce mai jiki, ta hau tana faɗa, ta zura ƙafafu, ta shige har ƙugu, ta tsaya. Ba gaba, ba baya. Ta toshe bakin ruf, ciki ya yi duhu, jariri ya ƙara ƙarfin kuka. Mata na jan ta ta hammata, tana zagin wanda ya gina ruhewar, shi kuwa yana tsaye a wurin.

Da Illa ya ji an ce iska ba ta shiga, sai ya shiga ɗaki ya fito da gatari. Ya tsaya gaban ruhewar da ya gina da hannunsa, ya ce, "Akuya, ki ce a matsa daga gefen gabas. Hwasa ta za ni yi."

Daga ciki murya ta fito, a gajiye amma da ƙarfinta: "Akuya, ki ce kar a hwasa! Damina ta kusa, ina za a sa geron? Ki ce a cire Goggo dai."

Aka shafa wa Goggo Takawa man shanu a ƙugu, aka ja, ta fito kamar an cire marfin tulu. Zaliha, yayar Iliyasu, wadda ba ta da kauri, ita ta shiga da aska. Goggo na bakin ruhewa tana ba da umarni, aka yanke cibi. Aka sa jaririn cikin ƙwarya, aka jawo shi da igiyar guga kamar ruwa, jikinsa duk ƙaiƙayi. Namiji ne. Cima ta fito daga baya, lulluɓe har ƙafa, ta kuma ce fitar ta fi shigar sauƙi nesa. A bakin zanenta akwai ƙullin kwaruru. Illa ya gani, ya dubi sama kamar mai duban hadari.

Yaron shi ne Ɗayyabu, kakana, wanda har ya yi furfura Na-Ruhewa ake ce masa. Bayansa Iya ta haifi wasu, duk a ɗaki kamar kowa. Ta yi sana'ar fura, ta yi kaɗi, ta ga an daina aikin dole, ta ga mota ta zama ba abin kallo ba. Ita ta yi jinyar Illa a ciwonsa na ƙarshe, ta dama masa kunu, ta ajiye bakin ƙofa. In akwai saƙo, a gaya wa kaza ko turmi. Duk shekara kuwa in an yi girbi, sai a tarar da 'yar ƙwaryar kwaruru a ƙofar ɗakinta, ba a san wanda ya ajiye ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Zaliha, da yake akwai wasa tsakaninsu, ta riƙa gaya wa mutane cewa ita tun daga rijiya ta jiyo Cima na ƙwala wa Illa kira da sunansa tsirara. Rijiyar nan ko ganga aka buga a gida ba a ji daga can. Amma magana in ta yi daɗi ba ta neman shaida, jikokin Zaliha har yau haka suke ba da shi. Illa bai taɓa ƙaryatawa ba, don ƙaryatawar ma magana ce a kan suruka. Na ce wa Iya, to ai akwai akuyar.

"Wace akuya?" ta ce. "Ita anka yanka ran suna! Babu rago shekaran nan. Mai ruhewa ya ce ta ci gero ta ƙoshi, kuma ta san abin da ya yi mata yawa. Shaidata guda a duniya, da ita anka yi miya. Har ni an ba ni romonta."

Na yi dariya har da hawaye, ita ko murmushi ba ta yi ba. Ranar da zan koma Madawa, na durƙusa ina yi mata sallama, ta kama hannuna ta riƙe gam.

"Ke 'yar lakwal, ke ce ka riƙe magana cikin gidan ga. In na tai, jikokin Zaliha za su ba da shi yadda sunka ga dama. Kwaruru kam ki hwaɗi, na ci, ban ji kunya ba. Amma duk wanda ya tambaye ki, ki ce mishi Cima ba ta taɓa yi ma surukinta magana ba. Ki ce da akuya ta yi."