Tayin Kunu da Awarwaron Innarmu

Innarmu ba ta yarda da sikeli ba. Da awarwaro take auna mu, wani tsoho na azurfa da ta gada wajen kakarmu. Za ta zura miki shi, ta ɗaga hannunki sama. In ya cije a hanya, lafiyarki ƙalau. In ya gangara gwiwar hannu, ki shirya amsa tambayoyi.

Da na dawo garinmu Ƙofa hutuna na farko daga jami'a, ko jaka ban sauke ba ta kamo hannuna. Awarwaron nan bai tsaya gaisawa da kowa ba. Da ban tare shi ba, sai dai a tsamo shi a hammata.

"Ke, karatu aka tura ki ko azumi?" in ji ta.

Gaskiyar magana, a ɗakin kwanan ɗalibai ba na karyawa. Nakan makara, in zuba da gudu aji da ɗankwali a hannu. Da rana garin rogo da sukari, da yamma taliya in an samu. Har cikina ya fara yi mini zafi kamar an ajiye garwashi an manta.

Inna ta yanke hukunci a tsaye. Zango ɗaya ta ba ni. In awarwaro ya sake zarcewa, na bar ɗakin ɗalibai ke nan, in koma gidan Gwaggo a cikin birni, in riƙa zuwa makaranta daga can. Gwaggo yayar Baba ce, mutuniyar kirki, amma a gidanta ko kaza ba ta fita sai da izini. Tana karɓe waya da an yi sallar magariba, kuma jikokinta sun kai a buɗe musu firamare. Kwanukan da suke ɓatawa a wuni, ni za su jira.

Da muka koma makaranta na kai kukana wajen ƙawata da muke ɗaki ɗaya, wata 'yar Riruwai mai dariya kamar ana ƙwanƙwasa kwano. Ita ta sa mini wata manhaja a waya, wadda ɗalibai masu karatun jinya suke ta tallatawa. Bayan asuba wayar za ta yi ƙara ta tambaye ki ko kin karya, ba kuma za ta ƙyale ki ba sai kin ɗauki hoton abin da za ki ci kin tura guruf ɗin 'yan benenmu. In kin tura, ta ba ki tauraro. Da rana kuma ta dame ki da a sha ruwa. Na ce wannan ai Innarmu ce aka ɗura a waya.

Kayan aiki kuwa ina da su, don Inna ta cika mini buhu da garin kunun gyaɗa da tsamiya da ƙuli-ƙuli. Washegari na dama kunu mai kauri, na ɗauke shi hoto ta gefen da ya fi kyau. Zan tura ke nan yatsana ya ƙi. A gidanmu ba a nuna wa mutum abinci a yi shiru. Ko akuya ce ta gifta kina ci, sai kin ji nauyinta. Don haka na rubuta a ƙarƙashin hoton: "Bismillanku."

A Ƙofa kowa ya san amsar tayi. Za a ce miki, "Alhamdu lillahi, a ci lafiya," a wuce. Ban san cewa yunwar jami'a ba ta san wannan amsar ba. Ban ajiye wayar ba na ji ana buga ƙofa. Na buɗe, sai ga 'yan mata a jere, kowace da kofinta. Wata 'yar Tudun Wada ta zo da wanda za a iya yi wa jariri wanka a ciki.

"Mun amsa, 'yar uwa," in ji ta. "Allah Ya ƙara buɗi."

Ranar ƙanzon tukunya na kankara na sha.

'Yar Riruwai ta yi dariya har ta faɗo daga gado. "Ke 'yar ƙauye, hoto aka ce ki tura, ba gayyar suna ba. Gobe ki tura shi tsurarsa."

Na gwada. Wallahi na gwada. Na tura hoton babu ko harafi, na zauna da kofina, amma kunun ya ƙi wucewa. Ji nake kamar Inna na tsaye a bayana ta riƙe ƙugu. Na jawo wayar na rubuta bismillar, ita kuwa mai ba ni shawarar ita ta fara miƙo kofi.

Haka zangon ya tafi. Manhaja ta yi ta zuba mini taurari har na fi kowa a benen, masu karatun jinya suna ba da misali da ni. Guruf ya cika da hotunan karin kumallo, sai dai duk kunu ɗaya ne a kofuna daban-daban. Benenmu ya daina hamma a aji. 'Yar Riruwai ta yi kumatu. Ni ma cikina ya lafa, tunda ƙanzo ma abinci ne, amma hannuna yana nan kamar sillen kara.

Ranar komawa gida na hau motar Kwanar Dangora da niyyar yin ƙiba a hanya. Na ci awara, na ci dafaffen ƙwai, na sha rake har dattijon da ke kusa da ni ya tambaya ko daga asibiti aka sallamo ni. Duk a banza. Awarwaro ya ɗan yi jinkiri, kamar yana tausayina, sannan ya gangara.

"Shi ke nan," in ji Inna. "Bari Babanku ya dawo ya kira Gwaggonku."

Na durƙusa na miƙa mata wayar. "Inna, ki duba da idonki. Kullum sai na dama."

Ta riƙe ta nesa da fuska tana turawa da yatsa. Can ta tsaya. "Wannan garina ne, ni na soya gyaɗar. To wannan bahon na waye?"

Na kwashe labari na faɗa mata.

"Daga tayi sai su zo?"

"Da kofunansu."

"Kullum?"

"Har ranar da babu aji."

"Ke kuma bakinki ba zai yi shiru ba?"

"Inna, wa ya koya mini?"

Matar da ta taɓa mayar da ni waje in yi wa mai gyaran rediyo tayin ɗumame, yau ba za ta iya cewa in ci a ɓoye ba. Ta daɗe tana juya awarwaron. Sannan ta ce, "Danna mini wurin da ake magana su ji."

Ta gyara ɗaurin ɗankwali kamar suna ganinta, ta yi sallama, ta tambayi iyayensu ɗaya bayan ɗaya ko da ba ta san su ba. Sannan ta ce, "'Ya'yana, ni ce mai garin da kuke sha, kuma na ji daɗi da ya karɓe ku. Tayi ba za a fasa ba. Amma wadda ta sha kunun gida ta zama 'yar gida, 'yar gida kuwa tana damawa, tana wanke tukunya, tana fito da abin da uwarta ta ƙullo mata. In kuma 'yata ta koma gidan gwaggonta, ku sani da tukunyar za ta tafi."

Maganar tukunyar nan ita ta tayar da su. Kafin la'asar wayar ta yi zafi da saƙonni. "Inna, ki yi haƙuri." "Inna, mun tuba." 'Yar Riruwai ta yi alƙawarin dankali da zuma. Mai baho ta rantse za ta kawo shinkafar gidansu, ta kuma sayi ƙaramin kofi. Inna ta saurare su duka tana murmushi, ta ƙara mini zango ɗaya.

Na sha wuya a zangon nan, amma irin wadda ban saba ba. Da waya ta yi ƙara, wadda girki ya faɗo kanta za ta tashi, a zuba mini na farko, a tsaya a kaina sai na shanye. In na ce na ƙoshi, mai baho ta ɗaga waya ta ce za ta faɗa wa Inna. Ashe gwaggo ɗaya na guje wa na samu bene guda.

Da na dawo hutu, awarwaro ya shiga da ƙyar, ya ƙi fita. Sai da aka kawo sabulu da ruwa, ƙannena suna ja ina ihu. Da yamma Inna ta kira Gwaggo da kanta ta ce yarinya dai ta zauna inda take. Daga ɗaka ina jin muryar Gwaggo ta waya tana cewa ita har ta sallami mai yi mata wanke-wanke.