Ɗakin da Kawu Dogara Ya Bari Ba Silin

Da daminar bana aka cika shekara ashirin da biyu da muka binne Kawu Dogara a Kafanchan. Ƙanin mahaifiyata ne, kuma birkila ne tun yana saurayi har ƙarfi ya ƙare masa. Karatunsa bai wuce na ajin baftisma ba, inda ya koyi haɗa baƙi don ya riƙa bin Littafi Mai Tsarki da yatsa. Ni kuwa malamin makaranta ne, na koyar da lissafi har na yi ritaya. Amma duk abin da na sani game da gina gida a hannunsa na koya, kuma da ƙyar, don na yi masa taurin kai irin wanda da ɗalibina ne ya yi mini da ya sha bulala. Gidan da nake zaune ina wannan rubutu shi ya gina shi.

A tsakiyar shekarun saba'in, lokacin da aka ƙara wa ma'aikata albashi, zazzaɓin gini ya kama garin nan. Malaman makaranta, ma'aikatan jirgin ƙasa, nas-nas, kowa sai zancen siminti da kwano. Ni ma na samu fili a bayan gari ta wajen hanyar Kagoro, tsohuwar gonar citta ce. Sai dai gaggawata ba ta gasa ba ce. Mahaifiyata tana ƙauye gaba da Zonkwa, a ɗakin ciyawa, da ciwon gwiwa da wani tari da ke tasar mata duk damina, kowace shekara kuma ya fi na bara tsanani. Ranar da na gaya mata na samu fili, ta riƙe hannuna ta ce:

"Bulus, ni abu ɗaya nake roƙon Ubangiji. In kwanta a ɗakin ɗana in ji ruwa yana dukan kwano a kaina. Bayan wannan, ko yaushe ya kira ni na shirya."

Da wannan magana a zuciyata na kai Kawu filin, ana gab da faɗuwar damina. Na zo da zanen gida mai ɗaki biyar da na yi da rula a takardar makaranta, ina ji da shi ƙwarai. Ko kallon takardar bai yi ba. Ya zaga filin sau biyu, ya tona ƙasa da ƙafa, ya damƙi wata ya murza, ya ɗaga kai ya dubi duwatsun Kagoro. Sannan ya kakkaɓe hannu ya ce:

"Bana ba gini. Sai mun ga hanyan ruwa tukuna. Fili ba ya faɗa maka gaskiya da rani."

Raina ya ɓaci. Na faɗa masa roƙon da mahaifiyata ta yi. Na ce, "Kawu, yayarka ce fa take tari. In ba ta kai baɗi ba fa?"

Ya dube ni ya ce, "Ticha, a makaranta kai ne oga. A nan wurin ka bar min." Ya hau kekensa ya tafi ya bar ni da takardata.

Duk wanda ya san Kafanchan ya san ruwanta ba na wasa ba ne. Abin da Kawu ya riƙa yi a daminar nan shi ne, da zarar hadari ya haɗu da rana, sai ya kifa buhu a ka, ya ɗauki damin sanduna ya nufi filin. Yana tsaye cikin ruwan yana kallon ƙasa. Duk inda ya ga ruwa ya yi hanya sai ya kafa sanda. Washegari ya dawo, inda ya tarar ruwa ya kwanta bai tafi ba sai ya ɗaura wa sandar jan tsumma. Masu wucewa suna yi masa dariya, wasu suna cewa birkila ya koma shuka sanduna. Ni ban yi dariya ba, haushi nake ji.

Haushin nan ne ya kai ni ga wautar da har yau matata Rifkatu take tsokanata da ita. Na samo leburori biyu a ɓoye, na kai su wurin da ya fi shimfiɗa a filin, kusa da hanya, na ce su haƙa harsashi. Sandunan Kawu masu jan tsumma suna tsaye a wurin, na tumɓuke su da hannuna don in ja igiya ta miƙe. Ba a yi sati biyu ba aka shiga ruwan Agusta, kwana uku ana yi. Da na je dubawa, ruwan da ya gangaro daga tudu ya bi ramin nan ya mai da shi rafi, kuma daidai inda na zana ɗakin Mama ruwa ya kai gwiwa. Ina tsaye da takalmina a hannu sai ga Kawu da buhunsa. Na shirya jin faɗa. Ya leƙa ramin, ya saurari kukan da ke fitowa ciki, ya ce:

"Ka gina wa kwaɗi gida mai kyau, Ticha. In rani ya zo sai mu yi na mutane."

Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, bai kuma taɓa tayar da zancen a gaban kowa ba. Wannan kawaici nasa ya fi zagi yi mini ciwo, kuma shi ya sa na fara ganin girmansa.

Nakan tuna da sandunan nan duk lokacin da na bi sababbin unguwanninmu. Mutum ya sayi fili da rani, kafin wata uku ya tare, damina ta zo a gan shi da bokiti yana kwashe ruwa daga falo yana zagin maƙwabci. An toshe hanyoyin ruwa da katanga, an malale tsakar gida da siminti kaf, ruwa ya rasa inda zai nutse sai ya shiga ɗaki. Da Kawu yana nan, na san ba zai yi surutu ba. Zai tsaya ne ya tambayi mai gidan ko ya taɓa zuwa filin ana ruwa kafin ya haƙa.

Sauran daminar nan ban ji daɗinta ba. Duk Asabar nakan tafi ƙauye gabana yana faɗuwa. Sau biyu tarin ya kwantar da Mama, sau ɗaya har sai da aka kai ta asibitin mishan a kan keke. A coci ina gaishe da Kawu ne kawai don kada a ce ban gaishe shi ba. A raina na riga na yanke cewa in wani abu ya same ta kafin ta shiga gidan nan, ba zan yafe masa ba. Ina faɗin wannan da kunya, amma haka abin yake.

Da ruwa ya ɗauke, Kawu ya zama wani mutum dabam, har ni mai gaggawa na kasa bin sa. Ya zaɓi wani tudu mai tsakuwa a can ƙarshen filin, inda babu sanda ko ɗaya. Ya sa aka haƙa har aka taɓa ƙasa mai tauri, ya tayar da harsashin da dutse ya wuce gwiwa, ya kuma yanka wa ruwa hanya ta gefe ya jera mata duwatsu. Rijiya ya sa ta a sama, masai can ƙasa nesa da ita. Kicin ya kai shi baya, inda iska za ta kwashe hayaƙi ba ta tura shi ɗakuna ba. Mazan ikilisiyarmu suka yi mana gayyar buga bulo, matan zumuntar coci suna ɗebo ruwa suna waƙa. Kawu ya rufe bulon da ganyen ayaba, yana ba shi ruwa safe da yamma har sati biyu, ya hana kowa taɓawa. In zai gwada, sai ya ɗaga ɗaya daidai ƙirjinsa ya sake shi ƙasa. Wanda ya fashe ba ya shiga bango. Katako kuma sai da ya bushe a inuwa aka shafe shi da baƙin mai saboda gara.

Kwanan baya na tsaya a wani wurin sayar da bulo, na ga an buga jiya ana lodawa yau. Na ɗauki ɗaya na danna gefensa da babban yatsa, sai ya zube kamar garin rogo. Saurayin da ke wurin ya ce, "Baba, ai in aka yi filasta ba wanda zai sani." Na juya na tafi, ina jin muryar Kawu tana cewa ruwa zai sani.

Ni so na yi a tayar da ɗakuna biyar ɗin gaba ɗaya, ko ba komai masu wucewa su ga Ticha ya yi gida. Kawu ya ƙi. Ya ce a gama ɗaki ɗaya tsaf, da rufi da ƙofa da taga, sauran su biyo baya a hankali, don ya ga gidaje da yawa da suka tsaya a linta, daidai saman ƙofa, har ciyawa ta cinye su. Ɗakin Mama ya fara. A nan na ga abin da ban taɓa gani wajen wani magini ba. Ya tafi ƙauye da zare ya auna ta daga diddige zuwa gwiwa, ya kai wa kafinta ya ce tsayin gadon ke nan, don ta zauna ta tashi ba sai an kama ta ba. Maimakon matakala ya yi gangara mai sauƙi har bakin ƙofa, bai sa dokin ƙofa ba. Ya kafa dogon katako a jikin bango daga gado zuwa ƙofa, abin dafawa. Taga ɗaya tana duban gabas don ranar safe ta shigo, ɗaya tana fuskantarta don iska ta ratsa. Bakin rufin ya zarce bango da kamu guda, ruwa ba ya dukan jikin ginin.

Da aka buga kwano na kawo allunan silin da na sayo. Ya ce in ajiye, za su yi amfani a falo. Na ce ai zafi zai dame ta. Ya nuna mini yadda ya ƙara wa bangon tsayi, ya bar ƙananan ƙofofin iska a sama, ga kuma itacen mangwaro ta yamma da ya hana a sare. Na ɗauka rowa ce irin ta tsofaffi, na ƙyale shi don na gaji da musu.

Mama ta tare ana saura kwanaki Ista. Ruwan farko ya zo da la'asar, muna zaune a ɗakin ni da Rifkatu da Kawu. Ɗigon farko ya faɗi a kan kwano, sai na biyu, sai abin ya barke gaba ɗaya har ba ka jin maganar na kusa da kai. Mama ta ɗaga hannu ta ce kowa ya yi shiru, alhali ba mai magana. Ta kwanta a gadon ta zuba wa rufin ido, tana dariya hawaye yana bin kuncinta. Can ta ɗaga murya ta ce, "Dogara! Ka ji?" Ya ce, "Na ji, Yaya." A lokacin na gane dalilin da ya sa allunana suke jingine a waje. Ni da aka faɗa wa roƙon na manta rabinsa, shi da ya ji a bakina ya riƙe shi duka. Damina shida ta yi a ɗakin nan, tarin kuma ya yi sauƙi ƙwarai.

Kawu ya gina wa mutane gidaje daga nan har Gwantu, amma da tsufa ya kama shi, ɗakin yayarsa ya zaɓa, a nan ya yi shekarunsa biyu na ƙarshe. Wata rana da hantsi ina yanke masa farce, na yi ƙarfin hali na tambaye shi abin da na daɗe ina riƙe da shi, ko bai ji tsoro ba a daminar nan da ya sa muka jira. Sai ya ce:

"Tsoro? Na fi ka ji, Ticha. Yayana ne tun kafin ta zama uwarka, ita ta goye ni. Duk ranar da na kafa sanda sai na yi addu'a a wurin. Amma da na sa ta a ɗaki mai danshi da wannan tari, da damina ɗaya ya isa. Ka so ta shiga gidan. Ni na so ta zauna a ciki."

Na ci gaba da yanke masa farcen. Shekara da shekaru ina zaton jarumtaka ce irin ta wanda bai damu ba, ashe da tsoronsa yake fita cikin ruwan nan, ga fushina kuma a kansa, bai taɓa kare kansa ba.

Bai bar dukiya ba, ko hotonsa mai kyau ba mu da shi. Abin da ya bari shi ne bangon da har yau bai tsage ba, da gidajen da in ana ruwa masu su ba sa neman bokiti. Yarana sun gyara gidan nan, sun sa tayil, sun canja tagogi, na bar su. Bara suka zo da mai silin har ƙofar ɗakin Mama, suka ce ƙarar ruwa za ta hana ni hutawa, don yanzu ni ne a ciki, gwiwoyina sun kawo ni ga gangarar nan da katakon dafawa. Na ce su ba mutumin ruwa ya sha ya koma. Muddin ina da rai ba mai rufe kwanon nan. Jiya da la'asar aka yi ruwa, na kwanta a gadon da aka auna da zare, na saurara har ya ɗauke. Na ji, Kawu.